Wifin Alhaji Ɗanlaraba

Abu biyu ne mahaifina, Alhaji Ɗanlaraba, bai taɓa yarda a sa wa makulli ba: randar ruwan da ke ƙofar shagonsa a unguwar Okala, a ƙasar da muke zaman baƙunta, da wifinsa. Randar ban damu da ita ba, kowa ya sha ya ƙoshi. Wifin ne ya kusa sa min hawan jini ina da shekara ashirin da shida.

Ni ce Ƙulu, 'yarsa ta biyu, kuma ni na haɗa wifin nan da hannuna. Aikina ke nan. Kamfanin da nake wa aiki yakan tura ni gidajen masu hali a unguwar Batterie IV in ja waya, in kafa akwatin intanet, in sa musu kod mai harafi ashirin wanda su kansu sai sun duba takarda kafin su tuna shi. A can madam injiniya ake ce min. In na dawo gida kuwa, tun daga kwanar masallaci nake hango abin kunyata. Maza ne a jere a kan benci, wasu a tsugune jikin katanga, kowa ya sunkuyar da kai kan waya, duk a kan wifinmu da ba shi da kod ko na harafi ɗaya.

Shekarar ma ta zo da nata. Naira ta faɗi warwas, kowane ɗan Najeriya ya zama mai son jin labarin gida safe da yamma, ana kuma ta raɗe-raɗin sefa ma za ta bi sahu. Ga 'yan sanda sun tsananta kwantarol a manyan tituna, ana tare tasi ana tambayar katin zama. Wanda takardarsa ke da 'yar matsala ba ya yin nisa da unguwa. Mu kuma lungunmu a kwari yake, rezon waya, wato sabis, ba ya sauko mana sai ya ga dama. In kana son kira mai hoto sai ka hau har bakin titi, daidai inda masu kwantarol ke tsayawa. To ina mutane za su? Sai ƙofar Baba.

Ana cikin haka, wata Asabar yayana Taufiƙ ya bugo daga Kano. Matarsa Fatimatuzzahra ta sauka lafiya, an samu mace, jikar Baba ta farko. Mama tun wata guda ta riga ta tafi don ta tari haihuwar. Baba kuwa babu halin tafiya. Katin zamansa ya ƙare, ya kai a sabunta wata huɗu ke nan, abin da ke aljihunsa 'yar takardar jira ce kawai. In ya fita daga ƙasar, dawowa sai wani ikon Allah.

Taufiƙ ya ce, "Baba, tunda ba za ka samu zuwa ba, kai za ka raɗa sunan. Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai na safe, zan riƙe waya a gaban liman, ka faɗa masa da bakinka, kowa ya gani ya ji."

Baba ya ce, "To, Allah ya kai mu," kamar an ce masa za a kawo buhun sukari. Amma ni na san shi. Da yamma na tarar ya fito da babbar rigarsa ta shadda ya shanya a igiya, alhali saura kwana bakwai.

Ranar Lahadi na ce mu gwada kiran mu gani. Wayyo Allah! Fuskar Mama ta fito, ta daskare da baki a buɗe. Murya ta ce "Alha…" ta ɓace, can ta dawo da "…ji". Baba ya kai wayar saitin hancinsa yana ta ƙwala kira, "Hajiya! Ina ganin ki! A'a, ba na ganin ki!" Jaririyar kuwa ko yatsanta bai gani ba. Na buɗe shafin akwatin a kwamfutata na duba jerin wayoyin da ke ciki. Arba'in da uku.

Na ce, "Baba, famfo ɗaya ne, mutum arba'in da uku sun tara bokiti. In aka yi haka ranar Asabar, wallahi liman ba zai ji ko harafin farko ba. A sa kod."

"Kod kuma? A ce Ɗanlaraba ya yi rowar iska?"

"Na mako ɗaya ne."

Sai da na yi kamar zan yi kuka sannan ya yarda, shi ma da sharaɗin shi zai zaɓi kod ɗin. Na ce bismillah. Ya ce to a sa hakan, bismillah. Na ce haba Baba, shi ne abin da duk Musulmin unguwar nan zai fara gwadawa. Ya ce a sa ɗaya zuwa takwas. Na ce wannan ko ba Musulmi ba zai gwada. Ya ce lambar wayarsa, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shago. A ƙarshe dai ni na haɗa masa, kalmomi uku da ba su da dangantaka da juna, da lambobi a tsakani, na tafi aiki ran Litinin zuciyata fari tas.

Da na dawo la'asar, benci a cike yake kamar jiya.

Abin da na manta shi ne gaisuwa. Mutum zai zo ya cire takalmi, ya rusuna, ya ce Alhaji ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da wannan kwantarol, ashe an samu ƙaruwa, Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, yau abin ya ƙi shiga." Ku gaya min, wane Bahaushe ne zai amsa wannan gaisuwar duka sannan ya ce ba zai bayar ba? Ba dai ubana ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne Baffa Hammadi mai tsire, mutumin Garoua, aminin Baba na shekara talatin, wanda tukubarsa ke jikin shagonmu. Ya rubuta kod ɗin da gawayi a jikin kwali, ya jingine shi kusa da robar yaji.

Na ce, "Baffa, mene ne haka?"

Ya ce, "'Yata, don kar a yi ta damun Alhaji da tambaya ne. Mutum yana ciniki."

Talata na canza, na kuma ƙi faɗa wa kowa, da kaina na sa wa Baba a wayarsa. Dabara ke nan, a tunanina. Ina sauka daga tasi na ji muryarsa: "Yauwa, ga ta nan! Ƙulu, zo ki sa wa baffanninki." Dattawa shida ne a tsaye, kowa ya miƙo waya da hannu biyu, har da Malam Saliou limaminmu, wanda ya koya min karatun Alƙur'ani. Na tsuguna na sa musu ɗaya bayan ɗaya, raina kamar ya fashe, bakina yana cewa, "Ba komai Malam, ai yi wa kai ne."

Laraba da safe abin ya ƙazanta. Sunan wifinmu, Shagon Alhaji, ya ɓace daga wayar kowa. A madadinsa wani suna ne ya fito, da hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefensa: Merci Papa. Kod ɗina ya ƙi shiga. Wani ya shigo, ya canza suna, ya canza kod, ya rufe mai gida a waje.

Baba ya gyara zaman tabarau ya karanta sunan sau biyu. Ya ce, "Ikon Allah. To, ya dai yi godiya."

Mutanen benci suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na san ta inda ɓarawon ya shigo, kuma laifina ne. Dole na tsaya a gabansu na faɗa. Na ce akwatin nan makulli biyu gare shi. Ɗaya na ƙofa, shi ne kod ɗin da kuke roƙa. Ɗayan na ɗakin da ake saita komai ne, suna da kod da wa zai shiga da wa za a kora. Wannan na biyun, daga masana'anta yake zuwa da kalma ɗaya sama da ƙasa, admin da admin, kowa ya san ta, a ƙarƙashin akwatin ma a rubuce take. A Batterie IV shi ne abu na farko da nake canza wa mutane. A gidanmu kuwa shekara biyu ina cewa gobe.

Baffa Hammadi ya tafa hannu. "Ashe injiniyar tamu ma Ɗanlaraba ce! Alhaji ya bar ƙofa a buɗe, ita ta bar uwar ɗaka!"

Na cancanci wannan, sai na haɗiye. Gyaran dai ɗaya ne: akwai wani ɗan rami a bayan akwatin, in aka danna abin da ke cikinsa aka riƙe, komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta. Na nemi allura, babu. Baffa ya zaro tsinken tsire, ya goge shi a jikin rigarsa, ya miƙo min. Na cusa, muka ƙirga goma tare da babbar murya kamar 'yan aji ɗaya, fitilun suka mutu suka dawo. Har yau in na sunkuya kusa da akwatin nan ina jin ƙamshin ƙuli-ƙuli.

Ina saita shi na ci gaba da masifa, tunda na samu masu saurare. Na ce wanda ya riƙe wancan ɗakin ba suna kawai zai iya canzawa ba, hanya zai iya juya muku. Ka buɗe shafin aika kuɗi gida, ya kai ka wani shafin mai kama da shi sak, ka zuba masa lambobinka da hannunka. Kai da aka ce ka loda hoton fasfonka don sabunta katin zama, ka loda wa wanda ba ka sani ba. A wannan zamanin da takarda ta fi mutum daraja! Malam Saliou ya mayar da wayarsa aljihu a hankali, ya dafe ta da hannu.

Bayan azahar, da mutane suka watse, Baba ya kira ni cikin shago. Ya zauna a kan buhun shinkafa, ya nuna min kujera.

Ya ce, "Kin san shekarar da aka raba sefa biyu?"

"Ba a haife ni ba, Baba."

"Muka wayi gari abin da ke hannunmu ya koma rabi. Shekara na zagayowa aka ce duk baƙon da ba shi da cikakkiyar takarda ya fita. Lokacin ina dako a tashar jirgin ruwa ta Owendo. Ranar da aka zo kwasar mu na ruga, na faɗa wani lungu, na buga ƙofar wani gidan katako. Wata tsohuwa ce ta buɗe, 'yar ƙasa. Ba ta tambayi sunana ba, ba ta tambayi ƙasata ba. Bayan buhunan rogo kawai ta nuna min. Kwana tara ina nan tana ba ni abinci." Ya murza bakin hularsa. "A cikin kwanakin nan mahaifiyata ta rasu a Kano. Wasiƙar ba ta same ni ba sai bayan an yi arba'in. Ban yi mata salla ba, ban ji addu'a ko ɗaya ba. Tun daga nan na ce wanda ya zo ƙofata ba zan tambaye shi ko shi waye ba."

Labarin tsohuwar na sha ji. Na kakata ban taɓa ji daga bakinsa ba, ko sunanta ma ban taɓa jin ya ambata ba, Inna kawai yake cewa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba. Sai na ce, "Baba, gidanku na Kano, akwai zaure?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Akwai mana."

"Ana korar baƙo daga zauren?"

"Subhanallahi. Har abinci ake fito masa da shi."

"Yana wucewa cikin gida?"

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Ƙarasa maganarki."

Na ce akwatin nan zai iya fitar da suna biyu. Ɗaya na baƙi, kod ɗinsa mai sauƙi, Baffa ya rubuta a kwali in yana so. Wanda ya shiga nan zai sha intanet, amma ba zai ga wayoyinmu ba, ba zai kai ga ɗakin saiti ba, kuma kaso ɗaya cikin uku na ƙarfin zai samu. Ɗayan namu ne, kod mai tsawo. Duka biyun zan sa musu kullen da ake kira WPA2, wanda ke cakuɗa abin da ke tafiya a iska yadda mai laɓe ba zai gane ba. Baba ya yi murmushi har haƙorin makkansa ya fito. Ya ce, "To wannan ai tarbiyya ce. Me ya hana ki faɗi haka tun farko?"

Haka aka samu Zauren Alhaji da Cikin Gida. Makullin ɗakin saiti na canza shi, na bar shi a kaina ni kaɗai. Alhamis muka gwada kira, Mama ta fito tar, har zanen atamfarta ana gani. Sai dai jaririyar tana barci a ɗakin uwarta, Baba kuma ya ce kar a tashe ta, zai gan ta ranar suna. Da zan fita ya ce in rubuta masa kod ɗin cikin gida a takarda, ko wayarsa za ta manta ina wurin aiki. Ni kuma da na ga an shirya, na rubuta. Ya linke takardar ya cusa a cikin hula. Kai, Ƙulu! Wa ya aike ki?

Juma'a bayan an sauko daga masallaci zauren ya cika, ya yi nauyi. Malam Saliou yana son ganin matarsa da ke kwance a asibiti a Maroua, kiran yana ta yankewa. Bai roƙi komai ba, kallon wayar kawai yake yana jan carbi. Baba ya cire hula. Daga Malam takardar ta je hannun ladan, wanda zai tura wa ɗansa saƙo ɗaya tak. Daga ladan ta je ga ƙanin ladan. Da na dawo bayan la'asar na buɗe shafin, wayoyi talatin da ɗaya ne a Cikin Gida. Zauren kuwa mutum huɗu, su ma ina jin labari ne bai kai musu ba.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na fito ƙofar shago da kwamfuta a hannu, ko gaisuwa babu, na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah! Gobe ƙarfe bakwai mutumin nan zai raɗa wa jikarsa suna ta waya, ana jiran muryarsa a Kano. Shekara talatin duk abin da aka yi a gidansu ba ya nan. Wannan ɗayan ma sai kun cinye masa? An ba ku zaure kun wuce har uwar ɗaka!"

Wani jirgi da ya tashi daga filin jirgi ya bi ta kanmu. Baffa Hammadi ya ajiye wuƙa ya juya ga Baba. "Alhaji, kai za ka raɗa sunan? Gobe? Ba ka faɗa mana ba."

Ashe bai gaya wa kowa ba. Kunya yake ji a ce ya takura wa mutane saboda buƙatar kansa.

Baba ya ce, "Ƙulu, shiga gida." A hankali ya faɗa, kuma hakan ya fi tsawa zafi. Ya biyo ni tsakar gida ya ce, "Kin tsinka ni a gaban baƙina. Ki ji da kyau. Kar ki canza komai. Ko mutum ɗaya kika kora, ba da yawuna ba. In Allah ya nufa muryata ta isa, za ta isa."

Na ce to. Na shiga ɗaki na yi kukan haushi. Na ji kunyar abin da na yi wa dattawa, amma ko kaɗan ban ji na yi ƙarya ba.

Asabar, shida da rabi, Baba ya riga ya sha shadda ya fesa turare, ya fita. Ni kuma na zauna a bakin gado da kwamfuta a cinya. Ba zan ɓoye muku ba, na yanke shawarar saɓa masa. Dannawa ɗaya ce, in kori kowa in bar wayarsa, daga baya ya yi fushin da zai yi. Gara ya yi fushi da ni shekara guda da ya sake rasa wannan. Na shiga ɗakin saiti, na buɗe jerin, yatsana a kan maɓalli.

Abu biyu ne a jerin: kwamfutata da wayar Baba. Zauren kuwa babu kowa.

Na ce na shiga uku, akwatin ya lalace. Na zari mayafi na fita da gudu, takalmi wari da wari.

An shimfiɗa tabarmi daga ƙofar shago har gindin mangwaro. Maza sun kai hamsin, kowa da wankakkiyar riga, ga goro da dabino a tsakiya. Ban taɓa ganin mutanen nan kansu a ɗage ba sai ranar. A kan tukuba kuwa, cikin babban farantin da Baffa Hammadi ke jera tsire, wayoyi ne tsibi guda, duk a kashe.

Baffa ya ce, "Ina kwana, injiniya. Muna idar da asuba Malam ya yi magana. Ni kuma na ɗauki faranti na bi gida-gida. Har Madam Mengue mai burodi ta ba da tata da ta mijinta, 'yan benen can ma na hau na karɓo. Wani ya ce zai kashe wifin kawai ya riƙe abarsa, na ce ban yarda da aljihun kowa ba. Ƙirga ki gani, ko akwai saura?"

Na tsuguna a gaban Malam Saliou na ce ya yafe min maganar jiya. Ya ce, "Tashi, 'yar nan. Da kin yi shiru da mun kwashi zunubi muna dariya."

Bakwai daidai wayar Baba ta yi ƙara. Na jingine ta jikin gwangwanin madara a kan benci. Hoton ya fito tar: ƙofar gidanmu na Kano, tabarmi, jama'a, rago a ɗaure, Taufiƙ yana washe baki, liman a gefensa. Aka gaisa, mutanen can suka ga mutanen nan aka yi ta ɗaga wa juna hannu. Sannan liman ya matso ya ce, "Alhaji, muna sauraren ka. Wane suna aka ba yarinya?"

Baba ya gyara zama. Ya buɗe baki ya rufe. Tsoro ya kama ni kar a can su ɗauka hoton ne ya daskare, don kuwa Taufiƙ har ya fara girgiza wayar.

Sai Baba ya ce, "A'ishatu."

Ranar na fara jin sunan kakata daga bakinsa. Liman ya maimaita da ƙarfi, aka shafa fatiha a Kano da Okala lokaci ɗaya, amin ɗin can da na nan suka haɗu. Taufiƙ ya shiga da wayar cikin gida, guɗa na tashi, Mama ta ɗago jaririyar cikin farin tawul ta kawo fuskarta dab da gilashi. Ta yamutsa ɗan hancinta, ta buɗe ido ɗaya.

Baba ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa wayar. Hawaye na bin kuncinsa, bai ko share ba, a gaban mutum hamsin. Ya ce, "Inna, sannu da zuwa. Kin ga wannan karon ina nan."

Baffa Hammadi ya juya baya yana hura wutar da ba ta buƙatar hurawa.

Da aka kashe kiran, Baba ya goge fuska da hannun riga, ya waiga ya ga farantin, kamar sai lokacin ya lura da shi. Ya daka tsawa: "Kai, Hammadi, mayar wa mutane wayoyinsu! Ƙulu, buɗe musu, duka biyun!" Aka yi ca a kan faranti, wannan na cewa tasa ce mai fasasshen gilashi, wancan na rantsuwa tasa ce. Kafin a gama raba goro jerin ya kai arba'in da bakwai, Malam Saliou yana gefe yana nuna wa matarsa taron suna.

Ana watsewa Baba ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Wancan makullin na ɗakin saiti, ki rubuta min shi ma mana, in sa a hula."

Na yi kamar ban ji ba, na ce, "Baba, ga goro."